Gwani ma ruwa na cin sa: Darasin da ke cikin gasannin ninkaya

Duk wanda ya kalli gasar ninkaya ta duniya da aka yi a Budapest, babban birnin Hungary, a watan Yunin 2022, ba zai manta da abin da ya faru da Anita Alvarez ba. 'Yar wasan ta Amurka tana kammala wasanta na rawar cikin ruwa sai ta suma, ta fara nutsewa zuwa ƙasan kwamin. Ma'aikatan ceto suna tsaye ba su ankara ba, sai kociyarta Andrea Fuentes ce ta faɗa ruwan da kayan jikinta ta ciro ta.

Alvarez ta tsira. Shekara biyu bayan nan ma tana cikin tawagar Amurka da ta ci lambar azurfa a gasar Olamfik ta Paris. Amma Fran Crippen bai samu wannan sa'ar ba. Ranar 23 ga Oktoban 2010, ɗan Amurkan mai shekara 26 ya mutu a tseren kilomita 10 cikin teku a Fujairah da ke Hadaddiyar Daular Larabawa. Ruwan ya yi zafi matuƙa, kuma abokan karawarsa ne suka fara lura bai iso ba. Sai bayan kusan awa biyu masu nutso suka gano gawarsa. Bayan mutuwarsa ne hukumar ninkaya ta duniya, wadda a lokacin ake kira FINA, ta hana yin irin wannan tsere idan zafin ruwa ya haura digiri 31 a ma'aunin Salshiyas.

Ra'ayina shi ne, nauyin kare ran ɗan ninkaya yana wuyan masu shirya gasa da likitocinsu. Bai kamata a bar wa ɗan wasa hukuncin ko zai iya ba, domin wanda ya yi shekaru yana horo saboda rana ɗaya da wuya ya ce ya gaji. Shi ya sa na ga FINA ta yi daidai da ta hana Alvarez shiga wasan ƙarshe na tawaga kwana biyu bayan sumar, duk da cewa likitocin Amurka sun ce lafiyarta ƙalau. Ba karon farko ke nan ba, ta taɓa suma a Barcelona a 2021.

Mutane na ɗauka cewa wanda bai iya ruwa ba ne kaɗai ke nutsewa. Likitoci sun san akwai sumar da ta fi kama ƙwararru. Abin da ke tilasta wa mutum ya ɗago ya shaƙi iska shi ne taruwar gurɓatacciyar iskar da jiki ke fitarwa. Idan ɗan wasa ya yi ta jan numfashi da sauri kafin ya nutsa, sai ya rage wannan iska a jininsa, ƙararrawar gargaɗin ta makara. Iskar da ƙwaƙwalwa ke buƙata sai ta ƙare, ya suma ba ihu ba fafutuka. Wanda ke bakin ruwa zai zaci atisaye yake yi.

Sai batun zuciya. Alexander Dale Oen na ƙasar Norway ya zama zakaran duniya a tseren mita 100 a 2011. A watan Afrilun 2012 ya mutu a sansanin horo a jihar Arizona ta Amurka yana da shekara 26, kuma bincike ya nuna jijiyoyin zuciyarsa ne suka toshe. Ƙirar jiki ba ta nuna abin da ke cikin ƙirji, don haka gwajin zuciya kafin gasa wajibi ne, musamman ga manya da suka koma ninkaya bayan dogon hutu.

Za a ce ɗaukar likita da jiragen ceto da gwaje-gwaje na cin kuɗi, kuma ƙananan gasanni ba za su iya ba. Gaskiya ne akwai tsada. Sai dai abin da ya ceci Alvarez ido ne da ya lura da wuri, kuma wannan horo yake buƙata fiye da kuɗi.

Maganar ta shafe mu. A bikin kamun kifi na Argungu ana gasar iyo da nutso a kogi, inda ruwa ba ya nuna abin da ke ƙasansa. Ga kuma tsargiya, wadda ake ɗauka a koguna da madatsun ruwa ta hanyar ƙwayar cutar da ke fitowa daga dodon koɗi ta huda fata. Ya kamata duk mai shirya irin wannan gasa ya tanadi masu ceto a kwale-kwale, da ma'aikacin lafiya da ya iya farfaɗo da numfashi, ya ƙirga waɗanda suka shiga ruwa da waɗanda suka fito. Idan ba a samu waɗannan ba, a ɗage gasar har sai an same su.