Gwajin Ƙwaya Ga Direbobi: Alama Daban, Hujja Daban

Tun da Janar Buba Marwa ya karɓi ragamar hukumar NDLEA a 2021 yake kiran a riƙa yi wa direbobin haya gwajin miyagun ƙwayoyi. Duk wanda ya taɓa hawa mota daga Dutse ya bi ta Shuwarin zuwa Kano, direba na sharara gudu ido jajir, ba zai ƙi wannan kira ba. Ni ma ban ƙi ba. Tsorona kawai kada ɗan tsinken da ake tsomawa a fitsari ya zama alƙali.

Gwajin nan na farko yakan rikita abu da makamancinsa. Rifampicin, maganin tarin fuka, kan sa ya nuna dangin kodin. Maganin mura mai pseudoephedrine kan fito kamar ƙwayar hana barci. Efavirenz kuwa, da wasu masu ƙanjamau ke sha, an sha ganin ya fito kamar wiwi. Dubi halin wannan bawan Allah: ko ya tona asirin ciwonsa a tasha, ko ya amsa sunan ɗan ƙwaya, abincinsa ya tafi.

Magabata sun riga mu tattauna irin wannan mas'ala. Imamu Malik ya karɓi warin giya a baki a matsayin dalilin haddi, amma a mazhabarsa sai adilai biyu da suka san warin sun shaida. Abu Hanifa da Shafi'i suka ce wari kaɗai bai isa ba, domin akwai halal mai kama da shi. Ashe ko inda aka tsananta, hanci ɗaya ba ya yanke hukunci.

Dokar ƙasa ma haka take. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ɗauki wanda ake tuhuma marar laifi har sai an tabbatar, sashe na 35 kuma ya ba wanda aka kama ikon yin shiru sai ya ga lauya.

Don haka direba ya faɗi maganin da yake sha tun kafin gwaji, a rubuta, ya kuma adana takardar likita a mota. Kada ya sa hannu a abin da bai karanta ba. Ya nemi a raba fitsarin gida biyu, a rufe a gabansa, a kai rabin ɗakin bincike inda na'ura ke tantance ainihin sinadarin. Wannan gwaji na biyu yana da tsada, kuma a ganina ƙungiyar NURTW, wadda ke karɓar kuɗin direba kullum, ita ya kamata ta biya masa.