Kada ka matse fistin ɗin birkin baya da ƙarfi

Mu masu gyaran waya mun san ɓarnar sukudireban da bai dace ba. Birkin baya ma haka ne. A motoci da yawa birkin hannu a cikin fistin ɗin yake, juya shi ake yi ana turawa. In ka danne shi kamar na gaba, zaren ciki ya lalace, birkin hannu ya daina riƙewa.

Ni dai a ganina, sayi ainihin ƙarfen juya fistin. Bar dabarar filaya, tana yaga robar tare ƙura. In birkin hannunka na maɓalli ne, sai an fara janye shi, a motoci da yawa da na'urar OBD2, kuma ba kowace manhajar waya ke iyawa ba. Duba kafin ka biya.