Mai Ba Da Shawara Ma Yana Bukatar Horo

Aikin ba ɗalibai shawara a Nijeriya daga makarantar mishan ya samo tushe. A 1959 ne Sistocin Katolika na Kwalejin St. Theresa da ke Ibadan suka gayyato ma'aikata su yi wa 'yan ajin ƙarshe bayani kan sana'o'i. Daga baya Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta nemi a horar da malamai domin wannan aiki.

Amma a ganinmu, zama da ɗalibi shi kaɗai a ofis bai isa ba. Yarinyar da ke gyangyaɗi a aji, wataƙila tana taya mahaifiyarta sayar da abinci a Sabon Gari har dare. Yaron da ke faɗuwa lissafi, wataƙila mahaifinsa ne ya tilasta masa ajin kimiyya. Maganin irin wannan yana hannun iyaye da malamin aji, wani lokaci har da Fasto. Dole mai ba da shawara ya iya tuntuɓarsu: ya saurara kafin ya yi magana, ya gaya wa uba gaskiya ba tare da kunyata shi ba, ya kuma riƙe asirin ɗalibi. Wannan kuwa koyonsa ake yi.

Tsangayar Ilimi ta Jami'ar Ahmadu Bello tana nan Samaru, kusa da mu. Muna roƙon hukumar makaranta da dattawan ikilisiya su ware kuɗi a tura malamanmu kwas. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ubangiji ya taimake mu, amin.