Injiniya a kujerar darakta: Riba ce ko asara?

A watan Nuwamban shekarar 2023 ne gwamnatin tarayyar Nijeriya ta ƙaddamar da shirin 3MTT, wanda aka tsara domin horar da matasa miliyan 3 a fannonin kwamfuta da fasahar sadarwa. Tun daga lokacin, muhawara ta fi karkata ga yawan waɗanda za a horar da kuma ayyukan da za su samu.

To sai dai akwai wata tambaya da ba a cika yinta ba: shin ina waɗannan matasa za su kasance bayan shekaru 10 ko 15 da kama aiki?

A yawancin ma'aikatun Nijeriya amsar a bayyane take. Wanda ya fi kowa iya aikin shi ne ake fara ɗauke wa aikin, a ba shi ofis da tarin fayiloli da jerin tarurruka. In kuwa ya ƙi, ya nace a kan sana'arsa, to albashinsa da martabarsa za su tsaya cik, har yaran da ya koyar su zo su wuce shi.

Daga gefen madatsa zuwa gidan gwamnati

Wannan lamari ba baƙo ba ne a jihar Kano. Madatsar ruwa ta Tomas, wadda manoman rani da masunta na ƙananan hukumomin Makoɗa da Ɗambatta suke amfana da ita, na daga cikin jerin madatsun da aka tsara tun zamanin gwamna Audu Bako, wanda ya mulki jihar daga 1967 zuwa 1975. Ayyuka irin waɗannan ne suka sa hukumar WRECA ta yi suna a matsayin matattarar injiniyoyin ruwa na cikin gida.

A wannan hukuma ce Rabi'u Musa Kwankwaso ya kama aiki a 1975, ya kuma yi shekaru 17 yana aikin injiniya. A 1992 ya shiga siyasa, ya zama mataimakin kakakin majalisar wakilai, sa'an nan ya zama gwamnan Kano a 1999.

A fannin sadarwa ma haka abin yake. Farfesa Umar Garba Ɗambatta, wanda ya fito daga maƙwabciyar Makoɗa, ya yi fiye da shekaru 20 yana koyar da aikin injiniya a Jami'ar Bayero kafin ya shugabanci hukumar sadarwa ta NCC daga 2015 zuwa 2023. Kashifu Inuwa Abdullahi, ɗan Haɗeja, ya fara ne da aikin haɗa hanyoyin sadarwar kwamfuta a kamfanin Galaxy Backbone, ya koma Babban Bankin Nijeriya, kafin a naɗa shi shugaban hukumar NITDA a 2019. Shi kuwa Jelani Aliyu na Sakkwato, wanda ya yi suna a kamfanin General Motors na Amurka da zanen motar Chevrolet Volt, a 2017 ya dawo gida ya karɓi ragamar hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa.

Ko shakka babu akwai fa'ida a cikin wannan. Hukumar da ke sa ido a kan kamfanonin waya na bukatar shugaban da ba za a ruɗe shi da kalmomin fasaha ba, wanda zai dubi takardar kwangila ya gane inda aka yi aringizo.

Amma kuma jerin sunayen na koyar da wani darasi ga ɗalibin da ke makarantar kimiyya ta Dawakin Tofa ko ta Dawakin Kudu. Kusan duk injiniyan da ya ji sunansa a rediyo, ya ji shi ne bayan ya zama shugaba. Waɗanda suka tsufa suna auna ƙarfin kankare ko suna gyaran injin ban-ruwa, da wuya a san da su a wajen ma'aikatarsu.

Tsani ɗaya tak

Tushen matsalar na cikin tsarin aikin gwamnati kansa. Kafin shekarun 1970, an daɗe ana takun saƙa tsakanin jami'an mulki da ƙwararru irin su injiniyoyi da likitoci, waɗanda ke ƙorafin cewa ana ɗora musu shugabannin da ba su san aikin ba.

Hukumar Jerome Udoji, wadda ta miƙa rahotonta a 1974, ta nemi warware wannan rikici ta hanyar haɗa ma'aikata a kan tsarin albashi guda mai matakai 17, tare da buɗe wa ƙwararru ƙofar kaiwa ga manyan muƙamai. Gyaran da gwamnatin Janar Babangida ta yi a 1988 ma ya ƙara jaddada cewa kowane ma'aikaci ya ci gaba a cikin fanninsa.

An buɗe ƙofa, amma tsanin ya kasance guda ɗaya. A aikin gwamnatin tarayya, mai digiri kan fara daga mataki na 8. Injiniya kan hau har ya zama babban injiniya a mataki na 14. Daga nan sai mataimakin darakta, sai muƙaddashinsa, sai darakta a mataki na 17, kuma dukkan waɗannan kujeru ne na gudanarwa: kasafin kuɗi, ƙarin girma, ladabtar da ma'aikata, da amsa tambayoyin 'yan majalisa.

Ga masu babbar difloma ta HND kuwa, waɗanda galibi su ne hannunsu ke kan na'ura, an daɗe ana tsayar da su a mataki na 14. Majalisar dattawa ta amince da wani ƙudiri na kawar da wannan bambanci a 2021, amma har wa'adin shugaba Muhammadu Buhari ya ƙare a 2023 bai zama doka ba.

Baya ga albashi, akwai matsin lambar dangi da na gari. A ƙauye, darakta shi ne mai mota da direba, mai iya sama wa ɗan ƙane aiki, wanda ake kira ya shugabanci gidauniyar masallaci. Mutumin da ya ce ya fi son ya ci gaba da rubuta manhaja ko gyaran na'ura, sai a ɗauka ko dai an danne shi a wurin aiki ne, ko kuma ba shi da zuciyar nema.

Wa ke ɗaukar asarar?

A 1969 wani malamin jami'a ɗan ƙasar Kanada, Laurence Peter, ya bayyana cewa a ma'aikatu akan yi ta ƙara wa mutum girma saboda ya iya aikin da yake yi, har sai an kai shi kujerar da bai iya ba, a nan kuma zai zauna. Ma'anar ita ce ana iya yin asara biyu a lokaci guda: a rasa gwanin injiniya, a kuma sami shugaba maras tasiri.

Dalili kuwa shi ne ayyukan biyu ba iri ɗaya ba ne. Na'ura ba ta fushi, ba ta da ubangida a siyasa, kuma in an gano abin da ya lalace an gama. Shugabancin mutane kuwa na bukatar haƙuri, da iya sauraro, da sasanta masu gaba da juna, da kuma yarda a bar wani ya yi aikin da shugaban ya san zai fi shi iyawa.

A yankuna irin su Makoɗa ne wannan asara ta fi fitowa fili. Rayuwar karkara a yau ta rataya a kan na'urori fiye da kowane lokaci a baya: rijiyoyin burtsatse masu aiki da hasken rana, turakun sadarwa da masu POS ke dogaro da su, firjin ajiye allurar rigakafi a asibitin sha-ka-tafi, da kwamfutocin da ɗalibai ke rubuta jarrabawar JAMB a kansu tun daga 2015.

Duk waɗannan na bukatar wanda ya daɗe yana aikin, wanda zai ji ƙarar famfo ya san ciwonsa. Amma da zarar ma'aikaci ya kai wannan matsayi na ƙwarewa, ƙarin girma kan ɗauke shi daga Koguna, hedkwatar ƙaramar hukumar, ya kai shi birnin Kano ko Abuja. Sai a bar sababbin shiga ba tare da mai koya musu ba, gyaran da bai taka kara ya karya ba kuma ya koma sabuwar kwangila.

Yadda wasu suka ɓullo wa lamarin

Manyan kamfanonin fasaha na duniya sun daɗe da fuskantar wannan matsala. Tun a 1963 kamfanin IBM ya fara naɗa wasu ƙwararrunsa wani babban matsayi na musamman, wanda ke ba su martaba da 'yancin ci gaba da bincike ba tare da sun zama manajoji ba. Steve Wozniak, wanda ya ƙera kwamfutocin farko na Apple, ya sha bayyana cewa bai amince ya bar aikinsa a kamfanin HP ba sai da aka tabbatar masa zai ci gaba da zama injiniya.

A ɗaya ɓangaren kuma, kamfanin Google ya gwada soke muƙaman manajojin injiniyoyi a 2002, amma cikin 'yan watanni ya dawo da su, domin ƙananan ƙorafe-ƙorafe sun koma kan masu kamfanin. Wani bincike da kamfanin ya gudanar daga baya ya zayyana halaye 8 na shugaba nagari, kuma ƙwarewar fasaha ce ta zo ta ƙarshe, a bayan iya horar da na ƙasa da kuma sakar musu mara.

Abin da irin waɗannan kamfanoni suka tsaya a kai shi ne tsani biyu masu tsawo ɗaya, ɗaya na gudanarwa, ɗaya na gwaninta, kuma mutum na iya sauya sheƙa daga wannan zuwa wancan.

Kujerar manaja ma ba ta da tabbas kamar da. A 2023 kamfanin Meta, mai Facebook, ya rage matakan shugabanci, ya kuma nemi manajoji da dama su koma aikin hannu. A 2024 Amazon ya ba da sanarwar ɗaukar mataki makamancin wannan.

Wani abin lura shi ne tsarin tsani biyu ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Maginin da ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, da laƙabin Babban Gwani aka san shi, kuma har yau akwai unguwa mai wannan suna a birnin. Gwani a karatun Alƙur'ani ba ya bukatar sarauta kafin a cire masa takalmi. A jami'a ma farfesa na kaiwa ƙololuwa ba tare da ya taɓa shugabantar sashe ba, haka nan babban likita a asibitin koyarwa.

Zaɓin da ke gaban matasa

Ga ma'aikacin da aka yi wa tayin kujera, tambayar ita ce wane irin aiki zai iya jure wa na tsawon shekaru. Wanda ke jin daɗin ganin na ƙasa da shi sun ci gaba, kuma zai iya yini guda a taro ba tare da ƙosawa ba, zai iya amfanar jama'a da dama a matsayin shugaba. Sai dai ya sani cewa taura biyu ba ta taunuwa, kuma a fannin da ke sauyawa cikin sauri, 'yan shekaru kaɗan nesa da na'ura sun isa su sa iliminsa ya tsufa.

Wanda ya zaɓi gwaninta kuwa, a yau yana da mafitar da magabatansa ba su samu ba, domin ta intanet yana iya yi wa kamfanin Legas ko na Turai aiki daga Kano, ko kuma ya bar ƙasar baki ɗaya, kamar yadda ƙwararru da yawa suka yi a shekarun baya-bayan nan. Wannan mafita ce gare shi, amma ba ta gyara famfon ƙauyensu ba.

Abin jira a gani shi ne ko hukumomin da ke tsara aikin gwamnati a Abuja da Kano za su samar da matakin da injiniya zai kai albashin darakta alhali yana bakin madatsa. In ba haka ba, shirye-shiryen horar da miliyoyin matasa za su ci gaba da samar da gwanaye, tsarin ƙarin girma kuma ya ci gaba da kwashe su ɗaya bayan ɗaya.