Ƙofofin Ruwan da ke Cikin Hanjinmu

Duk wanda ya tashi a Kura ko Bunkure ya san darajar ƙofar ruwa. Ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, yana biyo babban kanal har yankinmu, amma ba ya shiga gonar kowa sai an ɗaga ƙofa. Idan aka rufe ta, ko kanal ya cika maƙil, shinkafa sai ta yi yaushi. A jikinmu ma akwai irin waɗannan ƙofofi, kuma su ne tiramol da kodin suke rufewa.

Mun koya a darasin bayoloji cewa bangon hanjinmu yana da tsoka mai santsi, wadda ke aiki ba da umarninmu ba. Ita ce ke matsewa tana saki, tana tura abinci gaba, ko muna barci. Jijiyoyin saƙo da ke cikin bangon hanjin ne suke ba ta umarni. Idan saƙo ya iso bakin jijiya, sai wasu ƙananan ƙofofi su buɗe, sinadarin kalsiyam ya kwarara ciki. Shigarsa ce ke sa jijiyar ta fesa wani sinadari mai suna asetilkolin, wanda ke ce wa tsoka ta matse. In kalsiyam bai shiga ba, saƙo ya maƙale a bakin ƙofa ke nan.

Tiramol da kodin da mofin dangi ɗaya ne. Idan suka shiga jini, suna manne wa wasu gurabe a jikin jijiyar, sai ƙofofin kalsiyam su ƙi buɗewa sosai. Asetilkolin ya ragu, turin abinci ya yi sanyi. Abinci ya daɗe a hanji, jiki ya tsotse ruwansa, bayan gida ya bushe ya yi tauri. Tun a 1957 wani masani a Ingila, William Paton, ya nuna haka da guntun hanjin ɓeran Masar: da ya sa masa mofin, sai asetilkolin ɗin da yake fitarwa ya ragu. Ta wannan hanya ce maganin gudawa mai suna lofaramid yake aiki, shi ya sa yake tsayar da ciki.

Me ya sa wannan ya shafe mu? Lokacin dashen shinkafa ko tsinkar tumatir, da yawanmu muna fita ƙwadago don samun kuɗin makaranta. A nan ake miƙo wa mutum ƙwaya a ce tana kashe gajiya. Zafin gajiyar kawai take ɓoyewa. Bayan kwanaki sai ciki ya ƙulle, ya kumbura, mutum ya yi ta nishi a banɗaki har basir ya taso, wani ma fitsari ya riƙa yi masa wuya. Ƙwaƙwalwa tana sabawa da ƙwayar har ta nemi ƙari, amma babban hanji ba ya sabawa haka, don haka ƙullewar tana nan daram. Kuma idan ƙwayar ta yi yawa, tana danne cibiyar numfashi a ƙwaƙwalwa, mutum ya kwanta bai tashi ba.

Matsalar ba ƙarama ba ce. A watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, kuma wani bincike da aka gudanar ya gano cewa kimanin mutum miliyan 4.6 a Najeriya sun sha irin waɗannan magunguna ba bisa umarnin likita ba.

Magunguna ne masu amfani a hannun likita, ga wanda aka yi wa tiyata ko mai ciwon daji. Amma idan muka ga aboki ya fara sha, yana kukan ciki ya ƙulle, kada mu yi masa dariya. Mu raka shi asibiti, domin wanda ya saba, in ya daina farat ɗaya, ƙofofin suna ɓallewa: gudawa, murɗar ciki da zufa su taso masa. Likita ne ya san yadda ake ɗaga ƙofar a hankali.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.