Taimin ɗin Injin Dizal Ba Aikin Kunne Ba Ne

A garejin masu gyaran motocin dizal, ko a Kano ko Kaduna ko Damagaram, akwai wani aiki da ba ya cin minti goma, amma shi ke yanke yawan shekarun da inji zai yi yana aiki. Direban akori-kura zai shigo da kukansa: mota ta yi sanyi, ba ta jan kaya a hawa, tana zuƙar mai, da safe sai an sha fama kafin ta tashi. Makanike zai ɗaga bonet, ya sassauta notunan da ke riƙe da famfon injekta, ya ɗan murza famfon gefe guda, ya kasa kunne. "Maigida, taka totur mu ji." Da ƙarar ta yi masa daidai sai ya ɗaure notuna, ya ce ya ƙara mata taimin. Direba ya fita gwaji, ya dawo yana murmushi, domin lallai mota ta farka.

Makaniken bai yi ƙarya ba, kuma direban ba mafarki yake yi ba. Ƙara taimin yana aiki. Abin da ya kamata a daina shi ne yin sa da kunne, ba awo, ba littafin kamfani, ba tambayar abin da ya sa motar ta yi sanyi tun farko.

Injin dizal ba shi da fulogin da ke ba da tartsatsi kamar na fetur. Fistin ne ke matse iska har zafinta ya haura digiri 500 a ma'aunin Salshiyos, sannan nozul ya fesa mai a cikinta, man ya kama da kansa. Sai dai ba ya kamawa nan take. Tsakanin feshi da kamawa akwai ɗan jinkiri, shi ya sa dole famfo ya fara tura mai kafin fistin ya kai ƙololuwa, domin ƙarfin wutar ya same shi daidai lokacin da ya juyo zai sauka. Lokacin da ake magana a kansa ƙanƙane ne matuƙa. Injin da ke juyi 2,000 a minti ɗaya, karanshaf ɗinsa na ratsa digiri 12,000 na kewaye a daƙiƙa guda. Wato digiri ɗaya kashi ɗaya ne cikin 12,000 na daƙiƙa. Wannan ne ake so kunnen ɗan Adam ya tantance a garejin da ake bugun ƙarfe ta ko'ina.

Idan mai ya makara, wuta na bin fistin a baya. Ƙarfi ya ragu, man da bai gama ci ba ya fita ta salansa, farin hayaki da safe, zafi mai yawa a bututun hayaki. Idan aka matso da feshin gaba kaɗan, wutar na ci a kan kari, mota ta yi kuzari, shan mai ya ragu. Idan kuwa aka zarce, mai ya taru a silinda ya kama gaba ɗaya tun fistin na kan hawa, ya zama inji na dukan kansa da kansa. Ƙarar nan mai kaifi kamar ana buga guduma a kan maƙera, wadda wasu direbobi ke ɗauka alamar lafiya ce, ita ce shaidar dukan. Gaskit ne ke fara sha, sai ringi, sai metal. Ba a ranar ake ganin ɓarnar ba. Sai bayan watanni, mota ɗauke da buhunan dankali a kan hanyar Jos, ko tana fama da hawan Mambila, ruwan lagireto ya fara tafasa, a ce ai tsufa ne.

Yanzu kuma wani sabon malami ya shigo gareji ta cikin waya. Matasan makanikai na kallon bidiyon Amurkawa a YouTube suna ƙara taimin a motocinsu ƙirar Dodge Ram masu injin Cummins mai lita 5.9. Waɗannan motoci sun yi suna a wurin masu son ƙarfi, musamman na 1994 zuwa 1998 masu famfon Bosch P7100. Kamfani ya fitar da su da taimin wajen digiri 12 zuwa 14 kafin ƙololuwa, masu su kuma su tura shi 16 ko fiye. Amma mai kallo ya lura da abin da suke yi kafin su taɓa komai: suna ɗaura agogon awo, suna duba teburin lambobi, kuma masu wuce gona da iri na canza kusoshin kan inji da wasu masu ƙarfi, don sun san gaskit ba zai jure ba. Wasu ma suna sa ma'aunin zafin salansa a gaban direba.

Babban bambancin ma yana cikin injin kansa. Cummins ɗin nan na fesa mai kai tsaye a kan fistin, kuma yana matse iska kusan sau 17. Tsofaffin Hilux masu injin 2L da 3L da 5L, da Land Cruiser mai injin 1HZ da ake ji da ita a hanyoyin Sahara, wani gini ne daban. Su suna fesa mai ne a wani ɗan ƙaramin ɗaki da ke cikin tof silinda, wuta ta fara ci a can sannan ta faso cikin silinda, kuma matsinsu ya kai sau 22. Injin da ya riga ya matse iska haka ba shi da sararin ɗaukar ƙarin duka, zafin kuma a tof silinda yake taruwa, inda tsagewa ke farawa. Lambar da ta yi wa Cummins daidai a jihar Texas ba ta da ma'ana a kan 3L a Sakkwato. Ga kuma zafin ƙasarmu: iska mai zafi na sa mai ya kama da wuri, don haka abin da inji zai jure da sanyin asuba ba lallai ya jure shi da azahar a watan Afrilu ba.

Akwai tambayar da ta fi duk wannan muhimmanci, wadda ba kasafai ake yin ta ba: me ya sa taimin ya ja baya? Famfon da aka ɗaure da notuna ba ya matsawa don ra'ayin kansa.

Yawancin waɗannan tsofaffin Hilux da Land Cruiser na amfani da famfo samfurin VE, wanda Bosch ya fito da shi a tsakiyar shekarun 1970, kamfanonin Japan irin su Denso da Zexel suka riƙa ƙera irinsa. A cikinsa akwai wani ɗan fistin da ke matso da taimin gaba da kansa idan inji ya ƙara gudu, kuma matsin man da ke cikin famfon ne ke tura shi. Idan filtar mai ta toshe, ko iska na shiga ta tiyo, matsin zai faɗi, taimin ya makara a daidai lokacin da direba ke neman ƙarfi. Makanike ya murza famfo, alamar ciwo ta ɓuya, ciwon na nan. Ranar da aka canza filta, matsi ya dawo, sai taimin ya yi tsalle ya wuce iyaka ba wanda ya sani. Haka nozul da ya gaji yana ɗigar da mai maimakon feshi, haka taimin bel da ya wuce nisan da Toyota ya tsara wa waɗannan injunan Hilux, ko wanda aka ɗaura da kuskuren haƙori ɗaya. Duk suna kawo irin kukan da direba ya zo da shi.

Man kansa ma abin dubawa ne. Famfon VE ba shi da baƙin mai a ciki, dizal ɗin da yake turawa shi ne man shafawarsa. Dizal ɗin da aka gauraya da kananzir ba shi da santsin da famfon ke buƙata, sai ya ci kayan ciki a hankali. Wanda ya sayi mai a jarka a bakin hanya, gobe ya ji mota ta canza murya, ba taimin ne ya kamata ya fara zargi ba.

Ba za a ga laifin mai mota ba idan ya nemi dabarar rage shan mai. Tun 2022 farashin dizal ya yi tashin gwauron zabo a Nijeriya, daga baya lita ta haura naira 1,000, kuma mai ɗaukar kaya zuwa kasuwar ƙauye daga aljihunsa yake biya. Gaskiya ne kuma cewa kamfanoni kan ja taimin baya da gangan, ba don inji ya fi jin daɗin haka ba, sai don cika dokar hayaki. Dalili shi ne, duk lokacin da aka matso da feshi gaba, wuta na ƙara zafi, zafin kuma na haifar da iskar nitrojin oksayid, wadda ba a gani da ido amma tana cutar da huhu, tana tayar da asma. A Oktoban 1998 gwamnatin Amurka ta ci tarar manyan kamfanonin injin dizal bakwai, cikinsu har da Caterpillar da Cummins da Volvo, dala miliyan 83.4, kan cewa sun tsara kwamfutar injunansu ta bi doka lokacin gwaji, amma a kan babbar hanya ta sauya taimin don rage shan mai. Injuna kusan miliyan 1.3 abin ya shafa. Wannan ya nuna ribar man gaskiya ce, ya kuma nuna wanda ke biyan kuɗinta: mai tallar da ke tsaye a bakin tasha, da ɗan acaɓan da ke bayan salansa, da yaron gareji da ke wuni cikin hayakin.

Hanyar da ta dace ba ta da wuya, ba ta kuma da tsada idan aka kwatanta da kuɗin tof silinda a kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Panteka. A bayan famfon VE, tsakiyar bututun da ke zuwa nozul, akwai wani ƙaramin noti. A cire shi, a ɗaura agogon awo, a juya inji da hannu har fistin na ɗaya ya kai ƙololuwa, a karanta nisan da sandar famfo ta motsa. Littafin kowane inji ya faɗi lambarsa, galibi a kusa da milimita ɗaya, kuma ragin da aka yarda da shi bai wuce 'yan kaso cikin ɗari na milimita ba. Wanda ya auna ya san inda ya samu famfo da inda ya bar shi. Idan ya ga dalilin ƙarawa kaɗan a cikin iyakar da littafi ya bari, ya ƙara da saninsa, ya rubuta wa mai mota. Idan abin bai yi ba, yana da hanyar komawa.

Lokaci ma ba ya jiran mai aiki da kunne. Hilux ɗin dizal da aka fara ƙerawa daga 2005 zuwa yau, masu tambarin D-4D da waɗanda suka biyo bayansu, kwamfuta ce ke yanke lokacin feshi, babu famfon da za a murza. Yaron da bai koyi karanta agogon awo a kan tsohon inji ba, zai sha wahalar karanta na'urar bincike a kan sabo.

Makanikanmu na dizal mutane ne masu basira. Su ne suka riƙe motoci masu shekara talatin a kan hanyoyin da kamfanin da ya ƙera su bai taɓa zato ba, kuma kunnensu na gane abubuwa da yawa da gaske. Wannan aiki ɗaya ne dai ya fi ƙarfin kunne. Ƙungiyar makanikai ta NATA da shugabannin gareji na iya haɗa kuɗi su sayi agogon awo da littattafan injunan da suka fi yawa a yankinsu, su koya wa yara amfani da su, su mayar da shi sharaɗin yaye duk mai koyon gyaran injekta. Mai mota kuma, kafin ya yarda a sassauta noti ko ɗaya a jikin famfo, ya sa a duba filta da nozul da bel. In an gama aka ce har yanzu sai an taɓa taimin, ya nemi a nuna masa lambar da aka samu da lambar da za a sa. Idan babu agogon awo a garejin, ya kai motarsa inda ake da shi.