Mun Sayar Da Talabijin, To Sai Me?

Jama'a, akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin mutane, wai talabijin ita ce mai ɗebe wa talaka kewa, duk wanda ya raba gidansa da ita ya zalunci 'ya'yansa. Ni kam ban yarda ba, kuma ba da ka nake magana ba, domin tun ƙarshen shekarar 2023 babu akwatin nan a gidanmu.

A shekarar ne maigidana ya gamu da lalurar shanyewar ɓarin jiki, sana'a ta tsaya cak. A shekarar ne kuma, ranar 29 ga Mayu, aka cire tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta wuce 500, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Ga maganin hawan jini da ba a fashinsa, ga kuɗin gashi a asibiti, ga bakuna shida. To a kan wane dalili zan tayar da janareto, in biya kuɗin tashoshi na wata-wata, don a kalli auren wasu a Indiya? Muka yi shawara da shi, ya gyaɗa kai, na kira dillali.

Sai surutu ya tashi a dangi. Wata ta ce, "Talauci ne dai ya sa, kada a fake da tarbiyya." E, talauci ne. Yaushe sayar da kayan kallo don a sayi magani ya zama abin kunya? Abin kunya shi ne gidan da ake bin bashin mai kanti kuɗin shinkafa, amma katin kallo bai taɓa yankewa ba. Irin gidajen nan suna nan birjik, kowa ya san su.

Masu cewa tana ɗebe kewa, ku gaya mini, kewar wa? Yaron da ya kwana da garau-garau ba mai, ka zaunar da shi gaban talla, ana zuba madara a kofi, ana soya kaji, yara 'yan gata suna dariya a falo mai sanyi. Bayan minti goma a maimaita masa. Wallahi ba lallashinsa ake yi ba, auna masa gidan ubansa ake yi da mudun da ba nasa ba. Gobe ya dubi tuwon da uwarsa ta sha hayaƙi ta tuƙa, ya yatsine fuska. Budurwa kuma ta ga lefe akwati goma sha biyu a fim, ta fara raina saurayinta mai facin taya. Wanda ke cikin wadata zai kalli wannan ya wuce. Wanda ke cikin babu, a zuciya yake zauna masa.

Na san za a ce ai mu ma da ita muka tashi. Gaskiya ne, talabijin ta zo Kaduna tun 1962, Kano ta samu CTV a zamanin Gwamna Abubakar Rimi. Mun kalli Samanja, mun kalli Kasimu Yero, Allah Ya jiƙansu. Amma fa a lokacin sai da yamma ake buɗe tasha, dare ya yi a sa taken ƙasa a rufe, kowa ya nemi makwanci. Akwati ɗaya ne a layi, a tsakar gidan mai hali ake taruwa, manya na nan suna tsawatarwa. Mutanen da ke cikin wasan ma irinmu ne, rigarsu irin tamu, matsalarsu irin tamu. Ta yanzu ba ta barci, ba ta gajiya, ba ta jin kiran salla.

Babban abin da nake tuhumarta da shi ma ba kuɗi ba ne. Gidan da ke da majinyaci yana bukatar kunne da ido. Mai irin wannan ciwo harshensa ya yi nauyi, kalma ɗaya sai ya yi ta fama kafin ta fito, in akwai ƙarar akwati wa zai tsaya ya saurara? Yanzu tsakanin magariba da lisha yaran suna kewaye da babansu. Babban yana motsa masa hannu kamar yadda aka koya mana a asibiti, ta biyun tana yi masa tilawa yana gyara mata da ido, auta kuma shi ya fi kowa gane maganarsa, har tafinta yake yi mana. Sun san nawa ake sayar da maganinsa, sun san dalilin da ya sa ba a sa nama a miya ba. Ban ɓoye musu ba, kuma babu wata ƙara da za ta ɓoye musu.

Ba na ce gidan ya zama aljanna ba. Makon farko an yi kuka, an yi fushi, har da mai yajin cin tuwo. Babban har yau in ana ƙwallon Ingila yakan tambaye ni ya je gidan kallo, wata rana in bar shi, wata rana in hana. Wayar hannu ma masifa ce mai zaman kanta, shi ya sa guda ɗaya ce a gidan, a hannuna take kwana. Rediyo kuwa yana nan, batir biyu sun ishe shi, muna jin labaran duniya hannu yana aiki.

Kwanan baya wata 'yar uwar maigidan ta zo dubiya, ta dubi gurbin da akwatin yake da, ta ce, "Ayya, yaran nan sun ba ni tausayi, zan aiko muku da tsohuwar tamu." Na ce, "Yaya, mun gode, Allah Ya saka da alheri. In dai taimakon ne, ki sayar da ita ki aiko mana da kuɗin, maganin watan gobe bai cika ba." Har yau ina jiran ɗan aiken.